Tsohuwar maƙwabciyata ta gayyace ni biki, dangin mijina sun ce kada in je

Mai neman shawara:

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, iyaye da 'yan'uwa. A rikicin Jos na watan Nuwamban 2008, wanda ya ɓarke bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, an ƙone gidanmu, ƙanen mijina kuma ya rasa ransa, shi ya sa muka koma unguwar da kusan kowa Kirista ne. Kwanan nan tsohuwar maƙwabciyata Musulma, wadda dā takan aiko mana da tuwon salla mu kuma mu aika mata da shinkafar Kirsimeti, ta aiko mini da goron gayyatar bikin 'yarta. Ba ta da hannu a abin da ya faru, amma dangin maigidana sun ce idan na taka ƙafata can, na ci amanar jinin ɗan'uwansu. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanciya duk ranar da za mu ci Jibin Ubangiji. Me Maganar Allah ta koyar, yaya kuma zan yi?

Amsar wani fasto mai ritaya:

'Yata, Allah ya ƙara miki haƙuri. Sulhu a wurin Kirista daga Allah ya faro, domin Romawa 5:10 ta ce tun muna maƙiyansa aka sulhunta mu da shi ta mutuwar Ɗansa, wato bai jira muka fara gyaruwa ba. A Haikalin Urushalima akwai wata gajeriyar katanga da ta raba farfajiyar Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, da ta Yahudawa, an kafa mata duwatsu masu rubutun gargaɗi cewa duk baƙon da ya ƙetare, alhakin mutuwarsa yana wuyansa. An gano ɗaya daga cikin duwatsun a 1871. Manzo Bulus da kansa ya kusa hallaka a hannun taro saboda zargin ya shigar da Ba'al'umme ciki, kamar yadda Ayyukan Manzanni 21 ta nuna. Mutumin da ya ɗanɗana wannan ne ya rubuta a Afisawa 2 cewa Almasihu ya rushe katangar gaba ta wurin gicciyensa. Wanda aka yafe wa haka, aka kuma danƙa masa hidimar sulhu bisa ga 2 Korantiyawa 5:18, ba shi da hujjar mayar da gaba ta zama gādo ga 'ya'yansa. Ni dai a ganina, ki je.

Amsar wani malamin makarantar Lahadi:

Baba, da girmamawa, ina da ƙari. Afisawa 2 tana magana ne a kan Yahudawa da Al'ummai da suka zama ɗaya cikin Almasihu, saboda haka ayar da ta fi dacewa da zama da maƙwabci mai wani addini ita ce Romawa 12:18, wadda ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar ƙoƙarinmu, mu yi zaman lafiya da kowa. Kada kuma a sa wa dangin mamacin laifi, domin gafara ba ta soke neman adalci, kuma abin da ke ci musu rai shi ne ba su ga an hukunta kowa ba. Kuskurensu ɗaya ne: sun ɗora laifin masu kisa a kan matar da ba ta kashe kowa ba. Su tuna da Limam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa. Fasto James Wuye ma ya rasa hannunsa a rikicin addini na 1992 a jihar Kaduna, amma daga baya shi da Imam Muhammad Ashafa suka kafa cibiyar sasanci a Kaduna.

Amsar wata uwa daga Zumuntar Mata:

Ƙanwata, kada ki tafi a ɓoye, don kada garin gyaran waje ki ɓata cikin gida. Ki fara shawo kan maigidanki, sa'an nan ku je wurin surukarki tare da dattijon ikilisiya ɗaya, ku saurari kukanta har ta gama kafin ku kawo wata aya. Idan sun amince, ki tafi da rana tare da mata biyu, ki kai gudummawarki ta atamfa ko kwanuka, ki dawo kafin magariba. Idan kuwa ba su amince ba tukuna, ki aika da gudummawar, ki kira ta a waya ki yi mata fatan alheri, ki kuma sanar da ita cewa za ki zo ganin ɗakin amarya idan hankali ya kwanta.