A bar wa 'yan majalisar jiha su zaɓi sanatoci?

Ɗan Kwari: Jama'a, ni fa na gaji da zaɓen sanata. A tara talaka cikin rana, a miƙa masa taliya da sabulu, ya dangwala wa wanda ko mazaɓarsa bai sani ba. A bar wa 'yan majalisar dokokin jiha su zaɓo mana sanatocin jiharmu ukun nan kawai. Haka Indiya da Faransa suke yi, kuma ba su rushe ba.

Malamin Gwale: Alhaji, ɗan gyara. Indiya dai haka ne: kujeru 245, 'yan majalisun jihohi su zaɓi 233, shugaban ƙasa ya naɗa 12. Faransa kuwa sanatocinta 348, masu zaɓensu kusan 162,000 ne, yawancinsu wakilan ƙananan hukumomi. Mu ma mun taɓa yi. A Jamhuriya ta Farko kowane yanki sanata 12 gare shi, kuma ba talaka ne ya jefa musu ƙuri'a ba, daga gwamnati da majalisun yankin suka fito.

Ɗan Kwari: To ka gani. Ashe ma gado ne.

Hajiyar Fagge: Alhaji, kai da kake kasuwa ka fi kowa sanin lissafi. Majalisar Kano mutum 40 ce. Mai son kujera 21 kawai zai nema. Yanzu dole ya zaga ƙananan hukumomi goma sha wani abu, ya sha rana, a yi masa ihun "ba ma yi". Kai kuma kana so ka rage masa wahala, ya kama ɗakuna a otal, ya gama cinikinsa kafin asuba. Ba mu ga yadda ake yi da daliget a zaɓen fidda gwani ba? Ai ba kura ajiyar nama ke nan.

Ɗan Kwari: Hajiya, su ko ba komai sun san 'yan takarar ciki da bai. Kuma kuɗin zaɓe zai ragu.

Ɗan Ƙofar Mata: Baba Alhaji, a gafarce ni, na wa zai ragu? Takardar sanata rana ɗaya ake jefa ta da ta shugaban ƙasa da ta ɗan majalisar wakilai, rumfa ɗaya, ma'aikata ɗaya. In kuma salon Faransa ne, kansiloli 484 muke da su. A 2021 APC ta cinye ƙananan hukumomi 44 kaf, a 2024 NNPP ta cinye 44 kaf. Kenan gwamna ne zai rubuto sunaye uku, a tafa.

Hajiyar Fagge: Yauwa ɗana. Dubi 2023 ma. NNPP ta ci gwamna, ta ci Kano ta Tsakiya da Kano ta Kudu, amma mutanen Kano ta Arewa suka ce Barau Jibrin na APC suke so. Da majalisa ce mai zaɓe, wa zai tambaye su?

Malamin Gwale: Nan dai zan ɗan kare Alhaji. A Indiya ba mai rinjaye ne yake kwashe duka ba, ana raba kujerun gwargwadon ƙarfin kowace jam'iyya a majalisar jihar. Sai dai su ma saye da sayarwa ya ishe su, har a 2003 suka mayar da ƙuri'ar a fili, ɗan majalisa ya nuna wa wakilin jam'iyyarsa abin da ya zaɓa. Amurka kuwa ta yi fiye da shekara 120 a kan wannan tsari, cin hanci da kiki-kaka a majalisun jihohi suka sa ta watsar a 1913. Jihar Delaware sai da ta zauna babu sanata ko ɗaya daga 1901 zuwa 1903, saboda 'yan majalisarta sun kasa daidaitawa.

Ɗan Kwari: Malam, wannan kariya ce ko ƙarin duka?

Ɗan Ƙofar Mata: Ni da za a bi tawa, a soke majalisar dattawan gaba ɗaya. Senegal ta soke tata a 2012.

Ɗan Kwari: Wannan kam zan sa hannu yau.

Malamin Gwale: Hannunka ba ya cikin lissafi, Alhaji. Gyaran tsarin mulki sai kashi biyu cikin uku na sanatocin nan 109 sun yarda, haka 'yan majalisar wakilai, sannan majalisun jihohi 24. Wa zai kai musu takardar?