Zafin halin André Breton: shi ya riƙe tafiyar 'yan Suriyalis ko shi ya cinye ta?

Malam Nura: Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so mu tattauna, na kuma san ba kowa zai bi bayana ba. Ƙungiyar 'yan Suriyalis, wato mawaƙa da masu zanen da suka taso a Faris suna son fito da abin da ke cikin mafarki da can ƙasan zuciya su sa shi a takarda, ta rayu daga 1924 har 1969. Dada, tafiyar masu fasaha da ta gabace ta, wadda aka soma a Zurich a 1916, ko shekara goma ba ta cika ba ta watse. A ganina bambancin mutum ɗaya ne, André Breton, marubucin da ya jagoranci ƙungiyar. Ana cewa mai kama-karya ne, ba shi da haƙuri, yana korar abokansa. Duk na yarda. Amma wannan halin ne ya riƙe tafiyar. Masu fasahar da suka fito don karya tsohuwar al'ada, kowa da girman kansa, in babu mai tsawatarwa ba za su yi shekara biyu tare ba.

Zainab: Wa'alaikumus salam Malam. Kafin mu yaba tsawon ran ƙungiyar, a duba su wa suka rage a cikinta. Philippe Soupault shi ne suka zauna da Breton a 1919 suka gwada rubutun da ake sakin hannu ya tafi ba tare da tunani ya tace shi ba, wanda shi ne tushen tafiyar gaba ɗaya. A 1926 aka kore shi, laifinsa yana aikin jarida yana rubuta littattafan labari. Tare da shi aka kori Antonin Artaud, wanda ya ƙi yarda a ɗaura tafiyar a kan siyasar kwaminis. Louis Aragon suka rabu a 1932, Paul Éluard a 1938. Waɗannan su ne aka kafa gidan da su. Sunan ƙungiya ya daɗe, mutanenta ne ba su daɗe ba.

Malam Nura: Aragon da Éluard ai Stalin suka nufa, Zainab. Breton ya ƙi Stalin a lokacin da yawancin marubutan Faransa masu ra'ayin sauyi ke rufe ido ga shari'o'in Mosko, inda Stalin ya sa aka hukunta tsofaffin abokan tafiyarsa. A 1938 Meziko ya je wurin Trotsky, babban abokin hamayyar Stalin da ke gudun hijira a can. Wannan tsayuwa a kan gaskiya ce, ba ɓacin rai ba.

Auwalu: To Malam, Max Ernst fa? A 1954 aka ba shi babbar lambar zane a bikin baje kolin Venice, mutum ya haura sittin, ya sha zaman sansanin tsare mutane a Faransa lokacin yaƙi, ya sha gudun hijira a Amurka, bai taɓa yin kuɗin kirki da zanensa ba. Ƙungiya ta ce ya sayar da kansa, ta kore shi. Alberto Giacometti kuwa laifinsa ya koma ajiye mutum a gabansa yana sassaƙa kansa yadda yake gani. Ni da nake zane ina ciyar da iyali da shi, wannan ne ya fi ci mini rai. Mutum ya ce ya zo 'yantar da tunani, sannan ya tsara maka abin da za ka kalla da hannun da za ka karɓi kuɗi daga gare shi.

Malam Nura: Auwalu, ka ɗauko na ƙarshe-ƙarshe. Ɗauko na mai zane Salvador Dalí. A watan Fabrairun 1934 aka kira shi gidan Breton ya amsa tambaya kan yadda yake ta zuzuta Hitler, shekara ɗaya kacal bayan Hitler ya hau mulki. Dalí ya zo da ma'aunin zafin jiki a baki da riguna a jibge yana cewa zazzaɓi yake, ya mayar da zaman wasan kwaikwayo. Duk da haka sai a 1939 aka raba gari da shi gaba ɗaya. Wa zai ce Breton bai yi haƙuri ba a nan? Kuma ƙungiyar da ta fito ta soki yaƙin da Faransa ta yi da mutanen Rif a Maroko a 1925, ta kuma ce wa jama'a kada su je baje kolin mulkin mallaka na 1931 a Faris, ba za ta iya ajiye mai yabon Hitler a cikinta ba.

Hajiya Rabi: Nura, bari in sa baki. Kana haɗa abu biyu wuri ɗaya, aƙida da hali. A kan Hitler da Stalin da mulkin mallaka, babu wanda ya ce Breton bai yi daidai ba. Maganarmu a kan yadda yake mu'amala da mutanen da ke zaune da shi ne. A ƙarshen 1929 mai zane René Magritte da matarsa Georgette suka je gidansa, tana sanye da sarƙa mai gicciye a wuya. Breton ya nemi ta cire. Suka tashi suka fita, a 1930 suka koma Brussels, aka yi shekaru ba a shiri. Wace aƙida ce ta ce ka kunyata matar baƙonka a gidanka? Tun kafin a kafa ƙungiyar ma, a 1923, a wani taro da Tristan Tzara, jigon Dada, ya shirya, Breton ya hau dandali ya karya wa Pierre de Massot hannu da sandarsa.

Na 1935 ya fi nauyi. Ilya Ehrenburg, marubucin Rasha, ya ci mutuncin 'yan Suriyalis a rubuce, wannan gaskiya ne. Breton ya gamu da shi a titi ya shararra masa mari, ana dab da buɗe babban taron marubuta a Faris wanda Ehrenburg ke cikin tawagar Rasha. Aka hana Breton magana a taron. René Crevel, wanda yake ɗan Suriyalis kuma yake tare da 'yan kwaminis, ya yi ta kai-kawo don a sasanta, bai samu ba. A cikin kwanakin nan ya kashe kansa. Ba na ɗora wa Breton jininsa, domin Crevel na fama da tarin fuka mai tsanani, kuma ya samu mummunan labari a kan ciwon a lokacin. Abin da nake nunawa shi ne, mai zafin kai ya yi marinsa ya huce, wanda ke tsakiya mai son kowa da kowa shi yake kwana da nauyin.

Kabiru: Hajiya, a gafarce ni, ina da ra'ayi na uku. Waɗanda aka kora ba su lalace ba. Bayan Breton ya yi wa wasu tsofaffin abokansa kaca-kaca a sanarwarsa ta biyu kan manufofin ƙungiyar a Disambar 1929, su Robert Desnos da Michel Leiris da Jacques Prévert da Raymond Queneau suka haɗu da Georges Bataille suka fitar da takardar martani a farkon 1930, da hoton Breton ido rufe da rawanin ƙaya a ka. Daga nan kowa ya kama hanyarsa. Leiris ya shiga nazarin al'adun Afirka, Prévert ya zama mawaƙin da har 'yan makaranta ke haddacewa a Faransa, Giacometti ya yi ayyukan da aka fi saninsa da su bayan an kore shi. Watakila korar ce ta sa suka nemo muryarsu.

Hajiya Rabi: Kabiru, in maraya ya zama mutum ba a yi wa wanda ya kore shi daga gida godiya.

Zainab: Akwai abin da ba mu taɓo ba, wato abin da irin wannan hali ke yi wa waɗanda ba a kora ba. Kusan kullum da yamma ana haɗuwa a shagon shan gahawa, kuma ana lura da wanda bai zo ba. Takarda in ta fito ana son kowa ya sa hannu. A Maris 1929 aka kira taro da sunan za a tattauna halin da Trotsky ke ciki, sai ya rikiɗe ya koma tuhumar wani matashi, Roger Vailland, a kan wani rubutu da ya yi a jarida yana yabon shugaban 'yan sandan Faris. Da aka ɓata da Éluard a 1938, an nemi sauran su juya masa baya su ma, Ernst ya ƙi, ya ja jikinsa tun a lokacin. Ka ga faɗan mutum biyu ya zama jarrabawa ga kowa. Abota ta koma abin da ake neman izini kafin a riƙe.

Amma in za a yi adalci, Breton ba haka yake da kowa ba. A 1941, kan hanyarsa ta gudun hijira zuwa Amurka, ya tsaya a tsibirin Martinique, ya ci karo da mujallar da mawaƙi Aimé Césaire da matarsa Suzanne ke fitarwa, ya nemi Césaire, ya yabi waƙarsa yabon da ya taimaka aka san shi a duniya. Yana da ido, yana da kyauta ga sabon shiga. Da sa'o'insa ne ba ya iya zama. Shi ya sa bayan yaƙi waɗanda suka kewaye shi yawanci matasa ne da suka taso suna karanta shi, ba masu iya ce masa a'a ba.

Malam Nura: Wannan na ƙarshen ya shige ni, Zainab, amma bai ture maganata ba. Matasan nan su ne suka riƙe tafiyar har shekara uku bayan rasuwarsa a 1966, kuma suna cikin waɗanda suka tsaya a kan sanarwar mutum 121 ta 1960 da ta goyi bayan masu ƙin zuwa yaƙin Aljeriya, shi ma Breton ya sa hannu. Ƙungiyar da ba ta da ƙofa, kowa ya shigo ya fita, ba ta iya irin wannan. Ku nuna mini tafiyar masu sabon salo da ta yi tasiri ba tare da irin Breton ba.

Auwalu: Ga ta nan a Zariya, Malam. A 1958 ɗaliban zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don ƙin manhajar da ba ta san komai ba sai zanen Turawa. Suka ce a haɗa dabarar da aka koya da salon gida. Zuwa 1961 ƙungiyar ta tashi, manyanta sun gama karatu. Shekara uku ke nan. Okeke ya kai zanen uli, wato zanen gargajiya na Ibo, Jami'ar Nsukka ya yaye ɗalibai, Grillo ya riƙe sashen zane a kwalejin Yaba shekaru masu yawa, Nwoko ya shiga gine-gine da wasan kwaikwayo a Ibadan, Onobrakpeya ya yi fice a zanen bugu. Kowa salonsa daban, kuma duk mai koyon zane a Najeriya yau ta hanyarsu ya biyo. Idan tsawon rai ne ma'auni, Breton ya ci. Idan abin da mutanen suka iya yi tare da bayan rabuwa ne, ban ga abin da mari da kora suka ƙara ba.

Malam Nura: Su ɗalibai ne masu abokin hamayya ɗaya, Auwalu, kuma sun rabu kafin kuɗi da suna da jam'iyya su shiga tsakaninsu. 'Yan Suriyalis sun ratsa Hitler da Stalin da yaƙin duniya suna tare. Ba nauyi ɗaya ba ne.

Hajiya Rabi: Ba suna tare suka ratsa ba, Nura. Yawancin shekarun da Jamus ke riƙe da Faransa, Breton yana New York. Desnos, wanda Breton ya ci wa mutunci a 1929, shi ya tsaya a Faris ya shiga ƙungiyar masu turjiya a ɓoye, aka kama shi a 1944, ya rasu a sansanin Terezin a 1945. Éluard da Aragon su ma a cikin ƙasar suka yi turjiyar. Duka ukun ba sa cikin ƙungiyar a lokacin.