Rance zan karɓa ko hannun ma'aikatana zan fara gyarawa?

Salam 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Ina da wurin ɗinki da ma'aikata huɗu, aiki na shigowa Alhamdulillah amma wallahi ƙarshen wata ban san inda kuɗin ke shiga ba, ga yaran nan kusan duk sati sai sun ɓata yadin kwastoma na biya daga aljihuna. Yanzu wani banki ya ce zai ba ni rance in ƙaro keke biyu, ruwa kashi 4 a wata. In karɓa?

Baban Ummi: Hajiya kashi 4 a wata fa kashi 48 kenan a shekara. Kuma ki tambaye su, a kan uwar kuɗin gaba ɗaya za su riƙa lissafa ruwan har ki gama, ko a kan abin da ya rage? In na farko ne to tsadar ta kusa ninkawa, nan ake cin mutane.

Anti Larai: Ƙanwata ba keke ne matsalarki ba tukuna, tulunki ne ke yoyo kina shirin ƙara masa ruwa. Ni haka na yi shekaru, kuɗin cefane da na sana'a jaka ɗaya, sai da na buɗe asusu daban na yanka wa kaina albashi na koya wa yarinya ɗaya rubuta shige da fice a littafi sannan na gane ashe bashin da nake bin kwastomomi ne ya cinye ni ba rashin ciniki ba. Ki yi wata uku a haka ki gani.

Malam Sabo: Horo ma kala-kala ne. Akwai binciken da aka yi a Lome ta Togo da hannun Bankin Duniya, ya fito a 2017, masu ƙananan sana'o'in da aka koya wa zage dantse da neman mafita da kansu ribarsu ta ƙaru da kusan kashi 30, masu darasin kasuwanci na aji kuwa kashi 11.

Maman Biyu: To in ta koya musu suka gudu fa? Ni biyu suka tafi da kwastomomina.

Anti Larai: Wanda bai iya ba ya zauna yana ɓata miki yadi, shi ba asara ba ne? Ki ƙara wa wanda ya ƙware kuɗi, ki ɗora shi kan duba awo kafin a sa almakashi.

Baban Ummi: In keken ya zama dole daga baya ki nemi murabaha, banki ya saya ya sayar miki da ribar da kuka yanke tun farko.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Anti, littafin nan kullum ake rubutawa ko ƙarshen sati?

Anti Larai: Kullum, kafin a rufe. Har kuɗin zare.