VFD ɗina na katsewa duk sanda na tsayar da injin feƙe ƙarfe

Ɗan Dakata:
Salam manya. Ina da injin feƙe ƙarfe, moton sa doki uku ne, kilowat 2.2, mai fes uku, mu kuma shagonmu fes ɗaya muke samu. Na sayi VFD, wato na'urar sarrafa gudun moto, mai karɓar bolt 220, na juya haɗin moton daga sita zuwa delta, tashi lafiya lau yake yi, amma da na ce ya tsaya cikin sakan biyu sai ya rubuta OV, wato wuta ta yi yawa, ya ɗauke, cok ɗin, wato kan da ke riƙe ƙarfen, ya yi ta juyi shi kaɗai. Wallahi abin na damuna don in ina yanka zare tsayuwar nan ita ce komai. Babba zan sayo ko yaya?

Injiniya Kaduna:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba girma ba ne matsalar. Cok mai nauyi in ka rage masa gudu da sauri shi ke jan moton, sai moton ya koma janareta yana maido wuta cikin VFD, wutar ciki da ke zaune wajen bolt 310 ta haura kusan 400, shi ne VFD ɗin yake kare kansa. Rizistan birki kake buƙata ya ƙone rarar ta zama zafi. Duba ko akwai wurin haɗi P+ da PB, amma ka tabbatar a littafinsa, wasu masu arha sukurorin ne kawai babu tiransistan birki a ciki, in haka ne sai canji. Rizistan da ya dace da girman naka yawanci om 70 zuwa 100 ne wat 300, kar ka sauka ƙasa da abin da littafin ya ce, tiransistan zai tafi.

Baba Makeri:
Yaro kafin komai, cok ɗinka na zare ne ko na ƙulli? In na zare ne birki mai ƙarfi zai iya kwance shi ya faɗo yana juyi. Sannan kar ka sa makunni tsakanin VFD da moto, hannun gaba da baya ka kai shi ƙananan wayoyin kwantirol. Rizistan kuma zafi yake sosai, nesa da ɓarɓashin ƙarfe da mai.

Ɗan Dakata:
Na gode Baba, na zare ne kuwa, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na mayar sakan biyar yanzu bai katse ba. Oga Injiniya na ga PB ɗin, littafin ya ce kar a gaza om 70, gobe zan shiga Sabon Gari in nemo na 100.