Alƙali ya san gaskiya, me ya sa ya ba da gonar?

Ɗan Kusugu: Jama'a ni dai har yanzu abin nan ya tsaya mani a rai, gonar kawuna ce a bayan gari, kowa a unguwarmu nan Daura ya san ta kakanmu ce aro aka ba mutumin da ke noma ta, shi kanshi alƙalin na tabbata ya sani, amma jiya ya karanta hukunci ya bar mashi ita. Na ce alƙalin da ya san gaskiya ya ƙi aiki da ita zalunci ya yi.

Hajiya Yaya: Wallahi gaskiyarka ƙanena. In saninshi ba zai amfani talaka ba, zaman me yake yi a kujerar?

Malam: A'a Hajiya, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi alƙali ba ya hukunci da saninshi. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa. Annabi (SAW) da kanshi ya ce yana hukunci ne da abin da ya ji, wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan uwanshi yankin wuta aka ba shi. Kawunka ya kawo shaidun aron?

Ɗan Kusugu: Dattijai biyu ne suka san zancen, ɗaya ya rasu bara, ɗayan kuma yana kwance ko magana ba ya yi sosai.

Malam: To ka gani. Hauzi ya ci ku, wato in wanda ba dangi ba ya shekara 10 yana noma wuri mai shi na kallo bai ce uffan ba, wurin ya zama nashi, sai in an tabbatar aro ne ko jingina.

Hajiya Yaya: Kenan mai baki ya ci, mai gaskiya ya koma gida da hawaye. Ni ban gamsu ba Malam.

Barista: Hajiya ki duba ɗaya gefen, ranar da aka bar alƙali ya ce "ni na sani" ba shaida, wanda ya ci hanci ma haka zai ce kuma kotun gaba ba ta da abin dubawa. Shi ya sa ake son hukunci a rubuce da dalilanshi, sashe na 294 na tsarin mulkin 1999 ma ya sa wa manyan kotuna wa'adin kwana 90 bayan rufe shaida da jawabin ƙarshe. Ɗan Kusugu, an yi wa kawunka i'izari? Wato alƙali ya tambaye shi ko da sauran hujja kafin ya yanke?

Ɗan Kusugu: Ina tsaye bakin taga ranar, ban ji an tambaye shi ba gaskiya.

Barista: To gobe da safe ku je wajen rajistara ku nemi kwafin shari'ar, in babu i'izari a ciki kuna da abin ɗaukaka ƙara, kada ku bari lokacin afil ya wuce.

Hajiya Yaya: In kuɗin kwafin ne matsala ka kira ni, ni zan biya.