Ana neman kalma kafin gobe da safe

Mai shiri, Gusau: Jama'a a taimaka. Gobe ƙarfe takwas ina da hira a rediyo da wata ɗiyarmu da ke digiri a Ingila, law da social policy a haɗe. Na biyun, in ji ta, yadda gwamnati ke tsara asibiti, gidaje, fansho da tallafin marasa ƙarfi ne. Mi zan kira shi da Hausa?

Ɗan Argungu: Shari'a da siyasar zamantakewa. Haka Larabawa ke faɗin na biyun.

Mai shiri: A Gusau? Tun 2000 in ka ce shari'a abu guda mutane ke ji, sai su ɗauka alƙalanci take karanta. Siyasa kuma su ce takara za ta tsaya.

Lauya: Doka da manufofin walwalar jama'a. Kada ka saki kalmar manufa. Babi na 2 na tsarin mulkin 1999 manufofi ya jera, har da ilimi kyauta a sashe na 18, amma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta su. Sai da dokar UBE ta 2004, ta ilimin matakin farko kyauta, ta zo aka samu abin riƙewa. Karatun ke nan: yaushe manufa ke zama doka.

Kawu na Ƙaura: Walwala ta gidan biki ce. Wagga Hausar gidajen rediyon Kaduna ce kuke kwaso muna. Ni na daɗe da kalmata: kiwon talakawa.

Ɗan Argungu: Kawu, shanu muka zama?

Kawu: Kiwon lafiya fa? Wa ya taɓa fitar da ƙaho don an yi kiwon lafiyarsa?

Malama, Jega: Nan ya kama ku. Amma Kawu, fansho ba na talaka kaɗai ba ne.

Kawu: Da Bakano ya ƙirƙiro ta da tuni kun sa ta a ƙamus. Abin da munka faɗa nan yamma kullum ƙauyanci ne.

Ɗan Argungu: To a ce folisi kowa ya huta.

Malama: Tsohuwata ta ji, ta ce yarinya ta shiga aikin ɗan sanda.

Mai shiri: Dare ya yi. Na ɗauki doka da manufofin kula da jama'a, na cire walwala saboda Kawu.

Lauya: Ta yi tsawo, amma za ta shige.

Kawu: Kula dai ƙanwar kiwo ce. Zan saurara gobe in ji ko ba ka sarƙe ba.