Wane suna za mu ba mai tsara danja da mahaɗar hanyoyi?

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai ma'aikacin da Turawa ke kira traffic engineer, kuma ina so mu tsayar masa da suna a Hausa. Tuni wasu daga cikinmu suka kawo shawarwarin sunaye. Yawanci "injiniyan hanya" nake ji ana cewa, alhali wannan mutum ne daban.

Injiniyan hanya shi ne na kwalta da kwalbati da gada. Wanda nake nufi ba ya zuba kwalta. Aikinsa ya sa a tsaya a mahaɗa a ƙirga motocin da ke fitowa ta kowane ɓangare cikin awa guda, sannan ya raba wa danja lokaci: wannan hannu ya samu kore na daƙiƙa 40, wancan 20. Shi ke cewa nan shataletale ya wadatar, can sai gadar sama, wannan wurin juyawar kuma a matsar da shi gaba don yana tare bayan motoci.

Mai bin hanyar Mararaba da Nyanya zuwa Abuja ya san abin da nake nufi. Da sassafe kowa ya nufi cikin gari ta mahaɗar AYA, da yamma kowa ya juyo. Haka hanyar Kubwa, haka ta Lugbe. Danjar da ke raba lokaci daidai wa daida safe da yamma, sai ka ga hannu guda ya cika maƙil, ɗayan kuwa kore na ci babu mota ko ɗaya.

Wani ɗan'uwa ya kawo "mai ba da hannu". Malam, wannan suna yana da mai shi, wato jami'in da ke tsaye cikin rana yana ɗaga hannu. Shi da jami'an hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 da 'yan VIO masu duba lafiyar motoci duk suna aiki ne kan tsarin da suka tarar. Muna neman sunan mai zana tsarin.

Wata Hajiya ta ce "injiniyan sufuri". Hajiya, kin kusa, amma sufuri ya yi faɗi. Ya haɗa da jirgin ƙasan cikin Abuja da aka buɗe a 2018, da motocin bas, har da dakon kaya. "Injiniyan cunkoso" kuma da wani ya rubuta, ni dai kunnena ya ƙi shi, kamar shi ke haddasa cunkoson.

Ni na tsaya kan "injiniyan zirga-zirga". Kalmar tana bakin kowa, kuma ta ɗauki mota da babur da mai tsallaka titi a ƙafa.

Abin da ya sa na damu shi ne maganar ɗaukar ma'aikata. Idan cunkoso ya ishe mu, kukanmu a ƙara kwalta ko a ƙara masu ba da hannu. Da wuya ka ji an tambayi ma'aikatar ayyuka mutum nawa take da su da suka karanci wannan fanni, masu rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, tare da masu ƙirgar motoci da masu gyaran danja a ƙarƙashinsu. Hukumar raya babban birnin tarayya, FCDA, tun 1976 take, gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991, garin kuma kullum ƙaruwa yake, don haka ƙirgar bara ba lallai ta yi wa bana ba.

Mace "injiniyar zirga-zirga", jam'i "injiniyoyin zirga-zirga". 'Yan'uwa na gidajen rediyo, ku gwada shi a labarai ku faɗa mana ko yana da nauyi a baki.